Bangon da ya shanye mini magani

Har yanzu raina yana sosuwa idan na tuna aikin feshin da na yi a wani babban ɗakin ajiya da kyankyasai suka addaba, domin na auna magani daidai, na bi kowane lungu da saƙo, amma nau'in haɗin da na ɗauko ya kunyata ni.

Na yi amfani da maganin ƙwari lambda-cyhalothrin mai alamar EC, wato wanda aka narkar da sinadarinsa a cikin mai, yake komawa fari kamar madara da zarar ya haɗu da ruwa. Da shi hannuna ya saba, saboda ba ya toshe bakin famfo. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne bangon: bulo ne tsirara, babu fenti, babu tayil. Ina fesawa ina ganin danshin yana ɓacewa nan take, na ɗauka bushewa yake yi, ashe bangon ne yake zuƙe ruwan tare da sinadarin zuwa inda ƙafar kyankyaso ba za ta taɓa shi ba. Ba a yi mako uku ba mai wurin ya kira ni, ya ɗaga wani kwali a gabana, kyankyasai suka watse ko'ina.

Na sake aikin da kuɗina, wannan karon da garin da ake damawa da ruwa, mai alamar WP. Sinadarin ɗaya ne, amma shi garin ba ya narkewa, don haka bango yana shan ruwan, ƙwayoyin maganin kuma su tsaya a waje, su manne wa duk ƙwaron da ya ratsa. Yana da wahalarsa: sai kana girgiza tanki kullum, in ba haka ba ya kwanta a ƙasa, yana barin farin tabo, kuma ƙurarsa wajen damawa tana wajabta takunkumi. Shi ya sa yanzu na fi son SC, wato garin da ke zuwa a dame cikin ruwa, ko CS wanda aka killace sinadarinsa cikin ƙananan kwanso yana fita a hankali.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ga bangon yana sha da idona, ban fahimta ba. Yanzu kafin na buɗe kowace kwalba sai na watsa wa bango ruwa na tsaya ina kallo. Mai wurin yana da ɗakin ajiya na biyu, kuma wani daban ya ba aikinsa.