Yadda Nake Yanka Haɗin Yatsu na Akwati da Jig

Haɗin yatsu shi ne wanda ake yi a kusurwar akwati ko durowa, inda bakin kowane katako ke da yatsu da gurabe a jere, yatsun wannan su shige guraben wancan. Ƙarfinsa daga gam yake zuwa. Idan aka manna kan katako a jikin wani kai tsaye, kan yana shanye gam ne kawai, haɗin ba ya daɗewa. Amma yatsu suna ba gam gefe mai faɗi da yawa inda jijiyar katako ke kwance, kuma nan ne gam ke kamawa da gaske. Ana iya yankawa da zarton hannu, sai dai akwati ɗaya na iya cin gurabe sama da arba'in, kuma dole kowanne ya yi daidai da ɗan'uwansa. Shi ya sa nake amfani da jig a kan injin zarto na tebur.

Jig ɗin allo ne a tsaye da ɗan fegi a gindinsa, shi ke nan. Abin da ke sa ya yi aiki awo uku ne da dole su zama ɗaya: faɗin yankan da faifan zarto ke yi, kaurin fegin, da tazarar da ke tsakanin fegin da haƙorin faifan. Duk matsalar da na taɓa gani a wannan haɗi, idan aka bi diddiginta, ko dai ɗaya daga cikin ukun nan ne ya kauce, ko kuma katakon ne ya motsa lokacin yanka.

Bari in ɗauki misalin akwati da katako mai kaurin milimita 12, yatsu masu faɗin milimita 10. Ina fara haɗa faifan dado, wato faya-fayan zarto da ake jerawa tare don yanka gurbi mai faɗi, ya ba ni yankan milimita 10, in yanka gurbi a wani guntu, in auna gurbin kansa. Abin da aka rubuta a jikin faifai ba shi ne abin dogaro ba, gurbin da ya fito shi ne. Daga nan sai in feƙe sanda ɗaya ta katako mai tauri, tsawon kamar milimita 150, har ta shiga gurbin da ɗan turi na yatsa, ba ta lilo, ba ta kuma buƙatar guduma. In raba ta biyu: rabi fegi, rabi ma'aunin tazara. Da yake daga sanda ɗaya suka fito, kaurinsu ɗaya ne tilas. Tsayin fegin kada ya kai zurfin gurbi, milimita 10 ya isa a nan, domin idan ya yi tsayi katakon zai zauna a kansa maimakon a kan tebur, guraben su fito da zurfi daban-daban. Ina kuma ɗan goge kusurwoyinsa na sama da sanfefa don gurbi ya riƙa hawa ba gardama.

Allon jingina na filawud ne mai kaurin milimita 18, tsayinsa kamar 150, tsawonsa 450. Ina matse shi a jikin majinginin da ke zamewa cikin ramin tebur, in yanka masa gurbi ɗaya, in manna fegin a ciki ya leƙo gaba da milimita 25. Sai in zare wayar injin daga wuta, in zame allon gefe, in saka ma'aunin tazara tsakanin fegin da faifan. A nan akwai abin lura: ma'aunin ya taɓa haƙori, ba jikin faifan ba, saboda haƙori ya fi jikin faɗi. Tukuna ba na ɗaure sukuru, da abin matsi kawai nake riƙe allon har sai gwaji ya nuna daidai. Faifan kuma ina ɗaga shi zuwa milimita 12.5, wato rabin milimita sama da kaurin katakon, don yatsun su ɗan leƙo bayan haɗawa. Yatsa da ya leƙo ana goge shi cikin minti biyu, wanda ya gaza kuwa sai an ci fuskar akwatin gaba ɗaya kafin a kai gare shi.

Kafin yanka ina jera katakan huɗu yadda za su zauna, in sa wa gefen sama na kowanne alama da fensir, in ba kusurwoyi lamba. Gefen mai alama shi ke fuskantar fegi a kowane yankan farko, a duka bakuna takwas. Katako na farko yana tsayawa a kan bakinsa, gefensa ya jingina da fegi, a tura a yanka. A dawo da jig baya, a ɗaga katakon, a ɗora sabon gurbin a kan fegi, a sake turawa, haka har ƙarshe. Abokin haɗinsa kuwa da gurbi zai fara, ba da yatsa ba. Don haka sai in juya katako na farko, in ɗora gurbinsa na farko a kan fegi yadda yatsansa na farko zai cike tazarar fegi da faifai, in jingina na biyun da shi, in yanka. Daga nan in cire na farkon in ci gaba kamar da. Idan aka ga ɗan siririn ɓawo ya rage a gefen wannan gurbi na farko, katakan biyu ba su haɗu sosai ba, kuma saman akwatin zai fito da tudu a kusurwa.

Gwaji shi ne inda nake ɓata lokaci mafi yawa, kuma ban taɓa ganin asararsa ba. Guntayen gwaji su zama daga katakon aikin, kauri ɗaya, faɗi ɗaya, domin yatsu uku na iya shiga lafiya alhali goma sha ɗaya su ƙi. Faɗin yatsa shi ne tazarar fegi da faifai, saboda haka idan haɗin ya yi tsauri, a matso da fegi kusa da faifai. Idan ya yi sako-sako, a nisanta shi. Matsin da ake buƙata ƙanƙani ne, ido ba ya ganinsa. Ina matse wani ɗan katako a ƙarshen allon ya zama shaida, sannan in yi amfani da takardar rubutu, wadda kaurinta ke kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. In saka ɗaya tsakanin allon da shaidar, ko in cire ɗaya, in sake matsewa, in yanka sabon gwaji. Haɗin da nake nema shi ne wanda ke shiga da tafin hannu, idan kuma aka ɗaga shi sama bai zube ba. Wanda sai da guduma ya shiga a bushe, ranar gam ba zai shiga ba, domin ruwan da ke cikin farin gam yana kumbura katako, yatsu su tsage ko haɗin ya tsaya a rabi.

Ana yawan cewa kuskuren tazara yana taruwa har yatsu su daina saduwa. Abin da na gani shi ne, muddin jig ɗaya ya yanka katakan biyu, tazarar jerinsu ɗaya ce, za su sadu. Inda taruwar ke bayyana shi ne a gefen ƙarshe: idan kowane yatsa ya ƙaru da milimita 0.1, a katako mai faɗin 110 yatsan ƙarshe zai gaza da kusan rabin milimita. Shi ya sa nake barin ƙarin milimita 2 ko 3 a faɗi, in rage bayan an gama yanka. Abin da ke hana yatsu saduwa da gaske shi ne fegi mai lilo cikin gurbi, ko garin katako da ya maƙale a gindin fegi ya ɗaga katakon. Ina hure wurin bayan kowane yanka biyu ko uku, ina kuma tura katakon ɓangare ɗaya koyaushe.

Tsagewar bayan katako tana zuwa ne idan ramin da ke jikin allon ya fi yankan girma, tunda babu abin da ke tallafe jijiyar a inda haƙori ke fita. Ina manna siririn filawud na milimita 6 a fuskar allon, in sauya shi duk lokacin da na sauya tsayin faifai. Haƙori ma da ruwansa: mai kai a karkace yana barin ƙananan tsagu a kusurwar gurbi da ke fitowa fili bayan fenti, mai kai a miƙe shi ke ba da gindi sumul. Wanda injinsa ba ya ɗaukar dado zai iya yin jig iri ɗaya a teburin rauta, wato injin da ke fafe katako da baki mai juyawa, sai dai bakin rauta yana jan katako gefe, dole a matse kowane yanka.

Faifan yana fitowa ta bayan allon, daidai inda babban yatsan hannu ke son zama, ga shi an cire murfin kariya. Ina manna ƙaton guntun katako a bayan allon ya rufe mafitar, in sa abin tsayarwa a tebur don kada faifan ya huda shi. Wannan ba ya cikin abubuwan da ake bari sai anjima.

Ramin da gindin akwati zai zauna, idan aka yanka shi daga baki zuwa baki, zai bar ɗan rami a kan yatsa ɗaya a kowace kusurwa. Ko a tsayar da shi da rauta kafin ya kai baki, ko a toshe da guntun katako iri ɗaya. Wajen gam, ina shafawa da siririn buroshi a gefen yatsu kawai, da sauri, domin farin gam yana fara kamawa cikin minti biyar zuwa goma. Katakan da ake sawa ƙarƙashin abin matsi suna zama a bayan layin yatsu, ba a kansu ba, tunda yatsun sun leƙo kuma za su hana haɗin rufewa. Kafin gam ya kama ina auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu. Idan awon ya bambanta, in matse dogon ɓangaren a hankali har su zo ɗaya, in bar shi ya kwana kafin in goge yatsun.