Me ke sa tirelar jirgin ruwa yin lilo a bayan mota

Da zarar tirela ta fara lilo, sai ka ji ana zargin shokazoba ko iskar da manyan motoci ke kaɗowa. Galibi matsalar ba nan take ba, tana wurin rabon nauyi. Jirgin ruwa mai inji nauyinsa a baya yake taruwa, domin can inji da batir suke, wani lokacin har da tankin mai. Lita 100 ta fetur kaɗai kusan kilo 75 ce. In nauyin ya rinjaya bayan aksil, wuyan tirela, wato gabanta da ake ɗaurawa a mota, ya yi sakayau, kana kai wani gudu za ta fara kaɗa wutsiya.

To, a auna kafin a kwance komai. Ka ɗora wuyan tirelar a kan sikeli, a daidai tsayin da take zama in an ɗaura ta a mota, jirgin na ɗauke da mansa da kayansa. Abin da ake so shi ne kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na jimillar nauyin tirela da jirgi. Ke nan kilo 1,500 na son tsakanin 90 da 150 a wuya. In bai kai ba, ka dawo da anka da jarkoki gaba. Bai isa ba? Ka sassauta notinan sandar da hancin jirgin ke tokara, ka matsar da ita gaba santimita 5, ka jawo jirgin ya sake tokare ta, ka sake aunawa. Amma gindin jirgin, inda inji ke rataye, dole ya zauna a kan katakon da ke tallafe da shi, kada ya yi reto. In babu sauran wurin matsawa, aksil ɗin ake ja baya.

Tirela ta tsaya ɗoɗar, kada hancinta ya ɗaga sama, musamman mai aksil biyu.

Sai taya. Tayar tirela mai alamar ST ana cika ta da iskar da aka rubuta a gefenta, tana sanyi: mai ajin ɗaukar nauyi na C yawanci 50 ne a gejin mai faci, mai D kuma 65. Tayar da ba ta ƙoshi da iska ba gefenta lanƙwasa yake yi, ga lilo ga zafi.

Ƙarƙashin tirela kuwa ruwa ne ke cin sa, na gishiri ya fi ɓarna. Ka ɗaga ta da jak ka duba sifirin: tsatsa na shiga tsakanin ganyayensa ta buɗe su, ɗaya ya karye ba ka sani ba. Ramin bolti da ya koma kamar ƙwai alamar bushin ya cinye ne. Sifirin kuma bibbiyu ake sauyawa, hagu da dama. Ka auna daga ƙugiyar tirela zuwa bakin aksil ta kowane ɓangare; bambancin da ya wuce milimita 3 na nufin aksil ya goce, shi ya sa taya ke cin gefe ɗaya. Ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi ƙwas-ƙwas, boris ne. Yawanci tsoma shi a ruwa da zafinsa ke kashe shi, don yana hucewa sai ya zuƙo ruwa cikin giris.

In lilon ya same ka a kan hanya, kada ka danna birki da ƙarfi, kada ka ƙara wuta. Ɗage ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe har gudun ya sauka, sannan ka gangara gefe ka gyara lodi.