Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Jitar da Na Raina

Makon jiya na tsaya a inda Baba ya damƙa mini mabuɗin shago. Ban cika wata biyu da riƙe shi ba hunturu ya sauka Bauchi da ƙarfinsa, kuma a cikinsa ne wani dillalin kayan gwanjo daga Jos ya kawo mana jita biyu shagonmu na Yelwa, yana so a yi musu kuɗi.

Ta farko sai sheƙi take, an rubuta Martin a kanta. Gabana ya faɗi don murna, domin na sha jin Baba yana cewa wannan kamfani na Amurka tun 1833 yake sana'ar, kuma wasu tsofaffin jitocinsa sun fi mota tsada. Ta biyun kuwa duk dauɗa, fentinta ya dushe, wuyanta ya sha hannu har ya koɗe. Da dillalin ya fita cin abinci, sai na ce bari in taimaka mata. Na ɗauko sanfefa.

Baba kafinta ne, ko waƙa ɗaya bai iya kaɗawa ba, amma mawaƙan majami'un unguwar duk wurinsa suke kawo gyara. Da ya dawo daga sallar azahar, mai sheƙin ya fara ɗauka. Ya haska tocila ta ramin cikinta, wajen gindin wuya.

"Ina lambarta?"

Martin ta gaske, in ji shi, ana buga mata lamba a jikin katakon da ya riƙe wuya daga ciki, da ita ake gane shekarar ƙira. Wannan babu komai sai busasshen gam. Dillali ya shiga rantse-rantse, Baba ya ce, "Alhaji, kai ma sayar maka aka yi." Ya jingine ta.

A kan ta biyun ya daɗe. Can ciki akwai jar takarda an rubuta Nippon Gakki, ga kuma FG-180. Yamaha ce ƙirar Japan, samfurin da aka fara fitarwa a 1966. Ya bi fuskarta yana ƙwanƙwasawa da yatsa, kunnensa a kusa: in ɗaya daga cikin sandunan da ke tallafe da ita ta ciki ta saki, ƙarar takan zo da kaɗawa kamar fasasshiyar ƙwarya. Ya zura ɗan madubi ya duba. Ya gwada cusa takarda ƙarƙashin jaki, katakon nan da tsirkiyoyi ke ɗaure a kai, ba ta shiga ba. Sannan ya kwantar da doguwar rula a kan wuya, bakinta ya sauka ƙasa da saman jakin kaɗan.

"Ka gani? Shekaru sun ja wuyan gaba. Shi ya sa tsirkiya ta yi nisa da ƙarfe na 12 cikin ƙarafan nan da ke jere a kan wuya. Nan kuɗinta zai ragu, don cire wuya a mayar ba aikin yini ɗaya ba ne."

Abin da ya fi burge shi, babu tsaga ko ɗaya a fuskar. Jita tana son danshin iska kamar kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturunmu kuwa leɓen mutum ma tsaga shi yake. Mai katako sukutum ita ta fi daɗin murya, ita ce kuma ta fi saurin darewa. Wannan falle-falle aka haɗa katakonta, shi ya cece ta.

Ya yi wa dillali tayi, aka ɗan ja, ya sallama. Bayan ya tafi, Baba ya dube ni.

"Ɗana, tsumma kawai za ka sa mata. Masu neman irinta fentin asali suke biya, ko ya dushe. Wanda ya kankare shi, kuɗinsa ya kankare."

Bakina ya bushe. Na ce, "To, Baba."

Sai ya juya ta zai duba bayanta, inda na riga na goge wuri kamar faɗin tafin hannu, fari tas.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.