Abin da ƙirgar ambato ba ta gani a aikin mai taswira

Aikina shi ne ɗora bayanai a kan wuri. Ina ɗaukar alƙaluman cuta, ko na ruwan sama, ko na yawan jama'a, in shimfiɗa su a kan taswira cikin kwamfuta don a ga abin da jadawali ya ɓoye. Roger Tomlinson ne ya aza harsashin wannan fanni na GIS, wato sarrafa bayanan wuri da taswira a kwamfuta, a Kanada a shekarun 1960, lokacin da gwamnati ke son tantance filayen ƙasar. Tun daga wancan lokaci mai taswira ba shi da bayanan kansa, kullum na wani yake aro, don haka haɗin gwiwa a wurinmu dole ne.

Idan lokacin ƙarin girma ya zo a jami'a, maƙaloli ake ƙirgawa da yawan waɗanda suka ambace su, musamman da ma'aunin h-index, mai haɗa yawan maƙaloli da yawan ambatonsu, wanda Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005. Ba na raina shi. Amma maƙalata da aka fi ambato ta dabarar lissafi ce kawai, 'yan fanninmu ke karanta ta su ambaci juna. Aikin da na san ya taɓa rayuwar mutane kuwa, wanda muka yi da ma'aikatan lafiya kan tsara zagayen rigakafi, da ƙyar ya samu mai waiwayarsa a mujallu.

A wannan aikin ne na ga amfanin zama da waɗanda suka san ƙasa da ƙafarsu. Taswirar farko ta zana da'ira kewaye da kowane asibiti, duk ƙauyen da ya faɗo ciki an ɗauka yana kusa. Wata ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a aikin ta ɗora yatsa a kan allon kwamfutar ta ce, "Malam, wannan ƙauyen ai a hayin kogi yake. In ruwa ya sauka, sai mu yi zagayen rabin yini." Daga ranar muka bar auna tazara a miƙe, muka koma auna lokacin tafiya, da hanyoyi da gadoji da tuddai, kuma muka yi taswira biyu, ta rani da ta damina. Jerin ƙauyukan da suka fi buƙatar tawaga ya sauya sosai.

Sai maganar iyakoki. Alƙaluma ɗaya, in ka tara su bisa manyan yankuna cutar ta yi kamar ta bazu ko'ina daidai, in ka tara su bisa ƙananan gundumomi sai ka ga ta taru a wurare kaɗan. Stan Openshaw ya yi dogon bayani kan wannan matsala tun 1984, amma har yau ana faɗa mata. Yanzu kafin in buɗe manhaja nakan tambayi abokan aiki a wane mataki ake yanke shawara, in yi taswirar daidai da shi.

Akwai kuma amanar marasa lafiya. A 1854 John Snow ya sa alama a kan gidajen da kwalara ta yi kisa a unguwar Soho ta Landan, har ya nuna famfon titin Broad. A yau ba za ka wallafa ɗigon gidan mara lafiya ba, domin duk mai waya zai iya gano ƙofar. Binciken al'umma da lafiya na DHS, da ake yi a ƙasashe da dama, yakan gusar da ɗigon unguwa ko ƙauye har kilomita 2 a birni, galibi 5 a karkara, mu ma irin wannan muka bi. Taswirar ta rage kaifi, na kuwa yarda da hakan.

Batun sunaye a kan maƙala shi ya fi kashe haɗin gwiwa, fiye da kuɗi. Nakan sa a rubuta tun ranar farko wa zai fito a marubuta, wa ke da bayanan, wa ke da ikon ba wani. Wanda ya sha rana yana ɗaukar ɗigo da na'urar GPS sunansa na shiga cikin marubuta, ba a layin godiya ba.

Da aka buɗe hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat kyauta a 2008, amfani da su ya ninka ƙwarai. Wannan ya sa ni ma nake ajiye duk bayanan da ba su da sirri a rumbun intanet na Zenodo, da lambar da za a iya ambato, a tsarin da manhajar taswira ta QGIS ke buɗewa, tun da kyauta ce kuma abokan aikina ba su da kuɗin lasisi. Kowane fayil yana tafe da 'yar takarda mai faɗin shekarar da aka tattara shi, da tsarin ma'aunin da aka bi, da ƙauyukan da ba a kai gare su ba. Sanarwar San Francisco ta 2012 kan yadda ake auna bincike ta nemi a riƙa lissafa irin waɗannan a cikin tasirin mai bincike. Kwamitocin da na zauna gabansu dai har yanzu maƙala suke fara dubawa, don haka nakan haɗa musu da wasiƙar ma'aikatan lafiyar, mai bayyana yadda suka sauya hanyoyin tawagoginsu.