Bayan an fito tiyata: aikina da hannuwan mutane a Sakkwato

Ni ma'aikacin sashen gashin ƙashi ne, wanda mutane ke ce wa fisiyo, a ɗaya daga cikin asibitocin garin Sakkwato. Tun da aka haɗa ni aiki da likitocin da ke tiyatar hannu da kafaɗa, akasarin masu zama kan bencin ƙofar ɗakinmu masu rataye da hannu a wuya ne: ɗan kabu-kabu da ya faɗi ya dafa ƙasa da tafi, matar da injin markaɗe ya kama wa yatsu, manomin da lauje ya yanka a fadamar shinkafa, yaron da ya faɗo daga icen mangwaro, da waɗanda ake kawowa daga gabashin jiha, wajen Isa da Sabon Birni, da raunin harsashi. Kowannensu idan ya fito ɗakin tiyata sai dangi su yi ta hamdala, a ganinsu an gama. Hamdala ta kamata. Amma ni a ranar nake fara nawa aikin, kuma yawancin hannuwan da na ga sun nakasa, a gida suka nakasa, cikin makonnin da suka biyo bayan aiki.

Hannu ɗaya, daga wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsu, ƙasusuwa 27 ne. Naman da ke da ƙarfin lanƙwasa yatsu kuwa ba a cikin yatsun yake ba, yana can sama tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Abin da ya haɗa shi da yatsu shi ne agara, fararen jijiyoyin nan masu tauri. Kowane ɗaya daga yatsu huɗu yana da biyu masu lanƙwasa shi, babban yatsa yana da doguwa ɗaya, su tara ke nan, duk suna ratsawa ta wata 'yar ƙunƙuntar hanya a wuyan hannu. A cikin yatsa agarar tana kai da komo ne cikin wani kube matsattse, kamar zariya a ƙubakar wando. Idan ta yanke aka ɗinke ta, jiki zai zuba tabo don ya haɗa ta, shi kuma tabo ba ya bambance agara da kubenta, sai ya manne su wuri guda. Ka bar yatsa ya huta da yawa, ya ƙage. Ka matsa masa da wuri, ɗinki ya tsinke. A tsakanin waɗannan biyu nake cin abincina.

Shi ya sa likitocin zamanin Sterling Bunnell, wanda ake ɗauka uban tiyatar hannu a Amurka, suke gudun ɗinke agara idan ta yanke tsakanin tsakiyar tafi da tsakiyar yatsa. Sai a 1967 Harold Kleinert da abokan aikinsa suka nuna cewa ana iya ɗinke ta nan take ta yi kyau, hanyarsu kuma ta ginu ne a kan fara motsa yatsan da wuri cikin kariya. A 1975 Duran da Houser suka bayyana cewa zamewar milimita 3 zuwa 5 kawai ta isa ta hana agara mannewa. Tazarar da ba ta kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba, ita muke nema kullum.

Makon Babbar Sallah shi ne kakar yankan wuƙa a wurinmu. A irin wannan mako aka kawo mana wani mahauci, magidanci, wuƙa ta zame masa wajen fiɗa ta ratsa yatsan tsakiya da na kusa da ƙarami. Raunin ɗan ƙarami ne a ido, har an so a ɗinke fatar kawai a wani kemis. Allah ya sa ƙanensa ya lura yatsun biyu a miƙe suke tsaye alhali sauran sun ɗan lanƙwashe yadda hannu ke yi idan an sake shi. Wannan ita ce alamar agara ta yanke. Aka yi masa aiki, aka ɗora masa rabin filasta ta bayan hannu, wuyan hannu da gindin yatsu a ɗan tanƙwashe don kada ɗinkin ya miƙe.

Ba mu da robar zamani da ake gasawa da ruwan zafi a ƙera wa kowa tallafin hannunsa. Abin da muke yi, likita ya sa zare ta bakin farce, ni kuma in yanko roba daga safar hannu ta asibiti, in ƙulla ta da zaren, in maƙale ɗaya bakin da fil a jikin bandeji ƙasa da wuyan hannu. Robar ce ke jawo yatsa ya lanƙwashe, shi majinyaci miƙewa kawai zai yi har farcen ya taɓa filasta, sannan ya saki. Ta haka agara ke zamewa cikin kubenta ba tare da naman da ke jan ta ya yi ƙarfi a kan ɗinkin ba. Sau goma kowace awa, muddin yana farke.

Ya dubi abin ya dube ni. "Likita, wanga ɗan roba shi za ya maido mani hannu?"

Na ce, "Malam, shi da haƙurinka."

Haƙurin ne mai wuya. A makonni uku na farko ɗinkin agara ya fi rauni, kuma daidai lokacin ne zafi ke tafiya, kumburi ya sace, mutum ya ji garau. Ya dawo mini yana murna: "Hannun ga ya bar ciwo sarai. Mi za ya hana in riƙa wuƙa ko da kaɗan-kaɗan?" Ga iyali, ga rumfa a hannun yara, ba wanda zai ga laifinsa. Sai da na zaunar da shi da ƙanen nasa na warware musu lissafin filla-filla: filasta mako shida, daga nan ƙananan ayyuka kamar riƙon cokali da ɓalle maɓalli, wuƙa da ɗaukar cinyar saniya kuwa sai wajen mako goma sha biyu. Idan ɗinkin ya tsinke, aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada, kuma da ƙyar sakamakonsa ke kai na farko.

Abin da ya fi sa mutanenmu kwance filasta a ɓoye shi ne alwala. Da yawa suna jin nauyin su tambaya. Yanzu ni nake fara ɗauko zancen tun ranar farko, in ce malamanmu sun yi bayanin shafa a kan ɗauri ga mai rauni, ya je ya tambayi limamin unguwarsu. Haka sujada: kada ya jingina nauyinsa a kan hannun da aka yi wa aiki. Tun da na fara yin wannan magana a fili, filastar da ke dawo mana a jiƙe ta ragu ƙwarai. Na biyu shi ne zafin gari. A watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, gumi na taruwa ƙarƙashin filasta, ƙaiƙayi ya addabi mutum ya zura tsinken tsintsiya, ya ji wa kansa ciwon da ba a gani sai ya fara wari.

Wuƙar ta kuma yanke wa mahaucin nan jijiyar saƙo ta gefen yatsa ɗaya, mai kai ji zuwa ƙwaƙwalwa. Ita ko an ɗinke ta, tohowa take yi a hankali, kamar milimita ɗaya a rana, wajen inci guda a wata. Kafin ta iso ƙarshen yatsa, wurin ba ya jin zafin wuta. Ga mutumin da ke yini kusa da tukuba, wannan gargaɗi ne da na yi ta maimaitawa. Ya koma sana'arsa. Gaɓar ƙarshe ta yatsa ɗaya ba ta lanƙwashewa duka, amma yana dunƙule hannu ya riƙe wuƙa da kyau.

Ba zan iya ko ɗaya daga wannan ba in ba don yadda muka tsara zamanmu a asibitin ba. Likitan tiyata yana rubuta mini abin da ya tarar a ciki: agarar lafiyayya ce ko ta dagargaje, ɗinkin ya kama sosai ko a lallaɓa shi. Idan na samu sarari nakan shiga ɗakin tiyata in gani da idona, don hannun da ka ga cikinsa ba ka motsa shi da ka. Muna saɓawa, ba shakka. Shi hankalinsa na kan kada ɗinkinsa ya tsinke, ni nawa na kan kada yatsa ya ƙage. Ƙa'idar da muka riƙe ita ce mu gama gardamarmu a ofis, majinyaci ya ji magana ɗaya daga bakinmu duka.

Sistar da ke wankin rauni takan riga kowa ganin ciwon da zai ruɓe, tun yana ɗan ja. Dattijon da ke ɗora filasta ba ya sallamar kowa sai ya danna farce ya ga jini ya dawo, kuma ya fi mu iya lallashin yaro mai kuka. Akwai wata baiwar Allah mai share mana ɗaki da ke jin Fillanci da Zabarmanci. Sau da yawa ita ce bakinmu idan aka kawo makiyayi ko baƙo daga Nijar ta hanyar Illela. Ina ganin darajarta a aikin nan daidai da ta kowa. Mata da yawa ba sa sakin jiki namiji ya kama musu kafaɗa, don haka abokiyar aikina ce ke duba su, mu tattauna daga baya. A watan azumi kuwa, hatsarin babur na yawaita gab da magariba, sai ka ga likita da sista da mai tura gado sun sha ruwa tsaye da dabino da kunun da wani ya zo da shi daga gida.

Batun ɗori ba zan tsallake shi ba, kuma ba da raini nake faɗa ba. Maɗora suna kusa da mutane, suna da sauƙin kuɗi, karaya da yawa kuma tana haɗewa a hannunsu. Inda gizo ke saƙa shi ne ɗaurin da ya matse. Hannun da ya karye kumbura yake yi, idan aka zagaye shi da kara aka tamke, kumburin ba shi da wurin zuwa, jini ya daina isa ga nama. Cikin kamar awa shida zuwa takwas naman ya fara mutuwar da ba ta da gyara. Likitan Jamus Richard von Volkmann ya yi bayanin wannan tun 1881, har yau kuma muna ganin sa: yaro ɗan firamare, hannu ya shanye, yatsu sun ƙanƙame, wani lokaci ma ya baƙaƙe sai yankewa. Idan yaro na kukan da ba ya lafawa bayan ɗauri, ko ya ƙwala ihu in an miƙe masa yatsa, ko yatsun sun yi sanyi ba ya jin su, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti, ko tsakar dare ne. Filastar asibiti ma in ta matse haka take yi.

Karayar wuyan hannu ta tsofaffi, wadda Abraham Colles ya siffanta a Dublin a 1814, ba ta cika ba mu wahala ba. Filasta kamar mako shida, ƙashi ya haɗe. Abin da ke biyo baya ne ke ɓata rai. Inna za ta rataye hannun a wuya, jikoki su hana ta taɓa komai saboda tausayi, ranar da aka cire filasta wuyan hannu ya warke amma kafaɗa ta sandare, ba ta iya ɗaura ɗankwali. Masu ciwon suga sun fi kowa saurin kamuwa da sandarewar kafaɗa, kuma takan ja watanni masu yawa, har fiye da shekara. Don haka tun ranar da aka sa filasta muke cewa, "Inna, ki ɗaga hannun sama kullum, ki dunƙule yatsu ki buɗe." Samari kuma matsalarsu wani ɗan ƙashi ne a gindin babban yatsa, wanda tsagewarsa kan ɓuya a hoton farko. Mutum ya ce targaɗe ne ya ci gaba da tuƙi. Mu idan wurin na zafi in an danna, muna sa filasta a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14, don jinin da ke isa ƙashin kaɗan ne, in an yi sakaci ba ya haɗewa.

Aikin kafaɗa nasa salon daban. Nama huɗu ne ke riƙe kan ƙashin a gurbinsa, idan aka ɗinke wanda ya yage, hannu na rataye har wajen mako shida, mu ne ke ɗaga wa majinyaci shi, ba shi da kansa ba. Ƙarfi kuwa sai an yi watanni. Wanda ya san haka tun kafin a shiga da shi tiyata ba ya karaya a hanya, shi ya sa muke so a turo mana shi kafin aiki.

Abin da har yanzu ya fi ƙarfinmu shi ne nisa. Mutumin Gwadabawa ko Tambuwal ya sayar da akuya ya biya kuɗin aiki, ba shi da kuɗin motar zuwa kowane mako, wasu hanyoyin ma ba sa biyuwa saboda rashin tsaro. Yanzu kafin a sallami mai ɗinkin agara muna tambaya ko yana da ɗan'uwa a cikin gari da zai zauna wurinsa makonni ukun farko. Idan babu, mu koya wa mai jinyarsa atisayen da hannunsa har sai ya yi a gabanmu daidai, mu ɗauki bidiyo a wayarsa, ya riƙa turo mana hoton hannun ta WhatsApp. Yana taimakawa, amma waya ba ta gaya mini taurin gaɓa yadda yatsuna ke ji. Muna ta magana da wasu ma'aikatan asibitocin ƙananan hukumomi a kan mu koya musu duba irin wannan hannu, ko da canza roba ne da auna lanƙwasar yatsa, don wanda ba zai iya zuwa Sakkwato ba ya samu mai duba shi kusa da gida.