Godiya daga zauren Baba

Alhamdulillahi, an sauke nauyi. Baba ya miƙe daga jinya, jiya da ƙafarsa ya je masallaci, ni kuma na kare kundin digirina na uku a gaban malamai ta bidiyon intanet daga zaurenmu a nan ƙasar Ringim, ina zaune kan tabarma. Gajiya dai har yanzu ba ta sake ni ba.

Sauran labarin kun san shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da sabis ya ɗauke. Ɗaya daga cikin malaman ya tambaye ni dalilin da ya sa ba a auna kaurin zaren furoton (jerin ƙananan ƙwayoyin cikin zarra da ake gudanarwa da matuƙar sauri) da siririyar wayar kabon idan an cika babban injin CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, maƙil, wannan mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, tsakanin Suwizalan da Faransa. Amsar tana bakina. Wayar kabon ce mai kaurin kusan maikiron 30, ba ta kai silin gashi ba. Ana gilma ta cikin zaren da sauri, a ƙirga ɓarɓashin da ke fallatsa, daga nan a gane kaurinsa. In furoton ya yi yawa, wayar ta ƙone, ko ɓarɓashin ya ɗumama maganaɗisun da ake ajiyewa a sanyin digiri 271 ƙasa da sifili, aiki ya tsaya. Shi ya sa ake komawa ga hasken da zaren ke fitarwa idan an lanƙwasa hanyarsa, a ɗauki hotonsa. Na buɗe baki ke nan, fuskokinsu suka daskare a allo. Wallahi shekara huɗu na ga tana zubewa, hannuna sai rawa.

Na san ba ya son a faɗa, amma sai na faɗa. Mai cajin waya na bakin tasha, wanda ya rufe shagonsa ranar kasuwa ya jawo mini batirin solarsa a baro, shi ne ya fizgi wayar salulata ya haye katangar Liman, ya ɗaga ta sama. Haka ya tsaya cikin rana, hannu a miƙe, har na gama. Ko kuɗin ruwa ya ƙi karɓa. Allah Ya buɗa maka, Ya raya maka zuri'a, Ya kai ka Makka, Ya sa ka gama da iyayenka lafiya.

Mai Unguwa da ya hana kunna injin niƙa, Goggo da ta kwana bakwai a asibiti tare da Inna, Allah Ya saka muku da Aljanna. 'Yan'uwa na birni da uzuri ya riƙe wata biyu cur, mun ga saƙonninku, Allah Ya bar zumunci.

Inna ta ce ita dai ba ta gane zaren da ba a ɗinki da shi ba, amma ta ce a gaya muku walimar ranar Juma'a ce bayan la'asar.