Gemuna da takunkumin N95

Talata. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, barci ya ƙi zuwa, maganar Metiron, shugabar ma'aikatan jinya, ce ke ta yi min yawo a ka.

Safiya lafiya lau. Uwargida ta soya ƙosai, Auta ya ɓoye min makullin babur cikin takalmi, na isa asibiti wurin aiki ina ta dariya ni kaɗai.

Wajen goma da rabi aka turo mana wani dattijo. Tarin fuka ne ya ci masa maƙogwaro, na'urar gwajin kaki ta GeneXpert ta tabbatar tun jiya, numfashinsa kuwa tun daga baranda kana jin ƙararsa. Oga likita ya ce huda maƙogwaro za a yi a sa bututu, yanzu-yanzu, kuma ba za a sa shi barci ba, don in ya yi barci 'yar hanyar iskar da ta rage rufewa za ta yi. Allurar kashe wurin kawai. Lokacin korona mukan sa mutum barci, mu saki jikinsa gaba ɗaya don kada ya yi tari, a dakatar da injin numfashi kafin wuƙa ta taɓa maƙogwaro. Yau babu ko ɗaya. Da an buɗe zai yi tari, abin da ke huhunsa ya watsu cikin iskar ɗakin, mu kuwa fuskokinmu na dab da ramin.

Na sa riga, na sa safar hannu biyu, na ɗaura N95. Sai ga Metiron a bakin ƙofa.

"Malam, da wannan gemun za ka shiga?"

Na ce, "Haba Mama, yau na fara?"

Ta ce in ɗora tafukana a kan takunkumin in fitar da numfashi da ƙarfi. Na yi. Nan take tabarau ya yi hazo, na ji iska na bi ta cikin sajena. Ba ta ƙara da komai ba sai, "Inda ta fita, ta nan za ta shigo." Ta juya ta kira ƙaramar Sista.

Wallahi na san gaskiyarta. Kashi 95 cikin ɗari ɗin da ake faɗa N95 na tacewa, na iskar da ta ratsa ta jikin takunkumin ne, wadda ta zagaya ta gefe ba mai tace ta. A 2020 da aka kifa mana hular gwajin zaman takunkumi a fuska aka fesa ruwan nan mai ɗaci, ai na ɗanɗana shi a harshe, na yi gum. Amma sani daban, a fitar da kai gaban yara daban.

Ta gilashi na kalli aikin. Mutum huɗu kacal a ciki, ƙofa a rufe. Oga ya ɗiga maganin kashe tari cikin maƙogwaron kafin ya yanka, ya ajiye na'urar ƙona jijiya gefe, ya rufe wurin da jiƙaƙƙen bandeji. Duk da haka dattijon ya yi tari, har sau biyu, kaki ya fantsama a gilashin fuskar Sista. Ko gezau ba ta yi ba. Ta miƙa bututu, aka hura balan-balan ɗinsa, aka sa matatar iska a bakin bututun. Numfashi ya daidaita, alhamdulillahi.

Yarinyar nan goyo take, wata biyar. A wurina ta tsaya. Da ta fito ni na tsaya ina faɗa mata abin da za ta fara cirewa, takunkumi a ƙarshe, sai bayan ta bar ɗakin. Har da ce min "na gode Yaya". Da ma zagina ta yi.

Abincin rana bai shiga ba. La'asar a makare.

Hular nan mai injin tura iska ita ce maganin masu gemu, mu kuwa a hoto muka san ta. Na dai karanta cewa likitoci 'yan Sikh a Ingila sun ɓullo da dabarar naɗe gemu da faffaɗar roba, a ɗaure a tsakar ka, sannan a ɗora takunkumi a kai. Sai an gwada an ga ko ta zauna a fuskata.

Uwargida ta same ni gaban madubi da ɗankwalinta naɗe a haɓa. Ta ce, "Malam, haƙori ne?" Na ce a'a. Reza na nan kan taga inda take, ban taɓa ta ba. Gobe in na tashi aiki zan leƙa kasuwa neman robar.